Daren Istanbul da Mutanen da Suka Kunna Masa Fitila

Baƙon da ya sauka Istanbul da kwana uku kacal a hannunsa yakan kasa su kusan yadda kowa ke kasawa. Da hantsi yana Sultanahmet, tsakanin Ayasofiya da Shuɗin Masallaci. Da azahar yana ciniki a babbar kasuwa mai rufi. Da la'asar sakaliya ya gangaro Eminonu, bakin ruwa, ya sayi gasasshen kifi cikin burodi da albasa. In an yi magariba sai ya hau gadar Galata, ya ratsa masu kamun kifi da ƙugiya, ya haura tudu zuwa titin Istiklal, inda jama'a ke cunkushe har bayan tsakar dare. Tafiyar ba ta cika awa guda a ƙafa ba, amma a cikinta ya ƙetare iyakar da ta shafe ƙarnuka tana raba birnin gida biyu: ɓangaren da ke rufe ƙofa bayan isha'i, da ɓangaren da aka ƙyale ya yi hira.

Gidajen abinci da otal-otal da wuraren kiɗan da suka sa wannan tudu ya yi suna, mafi yawansu Girkawa da Armeniyawa da Yahudawa da Italiyawa da Rashawa ne suka kafa su, kuma galibin jikokinsu ba sa birnin yanzu. Masu miƙo wa baƙo faranti a yau iyayensu sun zo daga ƙauyukan Anatoliya, a bayansu kuma ga wasu sababbi daga Siriya da Afirka. A kowane zamani baƙi ne ke riƙe da daren Istanbul, hukuma kuma tana kansu, wani lokaci da takardar haraji, wani lokaci da sanda.

Ruwa a tsakani

Birnin da Hausawan dā ke kira Santambul yana zaune a kan wani tsini na ƙasa, ruwa ya kewaye shi ta fuska uku. Ta arewa akwai siririn mashigin ruwa da Turkawa ke kira Halic, kalmar da suka aro daga khalij na Larabci. Tsallakensa Girkawa suka sa wa suna Pera, wato ƙetare. Tun a ƙarni na 13 sarakunan Rumawa suka ba fataken Jenowa na Italiya izinin zama a can, suka gina garinsu mai ganuwa, Galata, suka ɗora masa a 1348 hasumiyar da masu yawon buɗe ido ke bin layi su hau a yau.

Da Sultan Muhammadu Alfatih ya ci birnin ranar 29 ga Mayun 1453, mutanen Galata ba su yi yaƙi ba. Sun miƙa makullai, shi kuma ya ba su takardar amana a kan rayukansu da dukiyarsu da majami'unsu. Birnin da ya samu kusan kango ne, don haka ya cika shi da umarni. Aka riƙa kwaso iyalai daga garuruwan daula ana ba su unguwanni. Unguwar Aksaray ta samo sunanta daga garin da aka ɗebo mutanenta. Girkawa suka taru a Fener, Armeniyawa a Samatya da Kumkapi, Yahudawa a Balat, musamman bayan korarsu daga Andalus a 1492. Musulmin da aka koro daga can su ma aka ba su wata tsohuwar majami'a a Galata wadda aka riga aka mayar masallaci, ita ce Masallacin Larabawa na yau.

Wannan rabo shi ya yanke inda dare zai sauka. Shari'a ta hana Musulmi sayar da giya, amma ta bar Kirista da Bayahude su yi a tsakaninsu, baitulmali kuma yana karɓar haraji mai tsoka a kai. Sai mashayun da ake kira meyhane suka taru a unguwannin bakin ruwa, a hannun Girkawa da Armeniyawa, Galata ce kan gaba. Ƙananan farantan abincin da ake jerawa a teburinsu, meze, daga nan suka yi ƙarfi. Sultan Sulaiman ya tsananta hani a ƙarshen mulkinsa, ɗansa Salim na Biyu ya sassauta, haka aka ci gaba da rufewa da buɗewa, domin malamai na son a rufe, ma'aji kuma na son kuɗin.

Wanda ya fita ba fitila

A tsohon birni dare na unguwa ne. Kowace unguwa tana da limaminta da mai gadinta, mazauna kuma suna lamunin juna a gaban alƙali. Babu fitilun titi. Wanda ya fito bayan isha'i dole ya riƙe fitilarsa, in 'yan sintiri suka same shi cikin duhu to ɓarawo ne ko mai neman ɓarna har sai ya wanke kansa. Akwai dalilin tsoro: gidajen na katako ne, a manne da juna, garwashi guda kan iya lashe unguwanni kafin gari ya waye. Watan azumi ne kaɗai ke kwance wannan ɗauri. A cikinsa ake rataya fitilu tsakanin hasumiyoyin manyan masallatai a rubuta kalmomi da haske, kasuwa ta kai sahur, yara da manya su taru kallon Karagoz, wasan 'yar tsana da ake yi da inuwa a bayan farin ƙyalle.

Abin da ya fara tsawaita hira a sauran watanni gahawa ce. Marubucin tarihi Ibrahim Pecevi ya ruwaito cewa a wajajen 1555 wasu mutum biyu, Hakam daga Halab da Shamsu daga Dimashƙa, suka buɗe gidajen gahawa na farko a Tahtakale, kusa da Eminonu. Da 'yan kuɗi kaɗan mutum zai samu wurin zama wanda ba gidansa ba ne kuma ba masallaci ba. Mawaƙa da masu karatu da masu dara da ma'aikatan da aka tuɓe suna jiran sabon muƙami duk suka koma can, limamai suka fara ƙorafin an bar musu sahu.

Fada ta gane haɗarin kafin kowa. Inda maza suka zauna suna hira, maganar mulki ba ta da nisa, sojojin Janisari kuma sun mallaki gidajen gahawa da yawa. Su ne suka kashe Sultan Usman na Biyu a 1622. Ƙanensa Muradu na Huɗu, wanda ya hau gado yana yaro shekara guda bayan haka, bai manta ba. Da gobara ta cinye wani babban yanki na birnin a 1633, ya ɗora laifin a kan masu shan taba, ya rufe gidajen gahawa, ya riƙa ɓad da kama yana zaga gari da dare, wanda aka kama kuwa kisa ne. Bayan rasuwarsa a 1640 hanin ya yi sanyi. Kusan shekara ɗari biyu bayan nan, da Mahmudu na Biyu ya murƙushe Janisari a 1826, gidajen gahawarsu na cikin abubuwan da aka fara rufewa.

Iskar gas da jirgin ƙarƙashin ƙasa

Daren da baƙo ke gani a Istiklal haihuwar ƙarni na 19 ne. Jakadun Turai sun daɗe da gina gidajensu a kan tudun da ke saman Galata, hanyar da ta ratsa su kuma aka san ta da Babban Titin Pera. A 1845 aka yi gadar Galata ta farko. Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856 ya cika unguwar da hafsoshin Ingila da Faransa masu kuɗin kashewa. A 1857 gwamnati ta zaɓi Pera da Galata ta yi gwajin ƙaramar hukuma irin ta Turai, wadda ta shimfiɗa duwatsu a tituna, ta rushe ganuwar Jenowa, ta kafa fitilun iskar gas. A karon farko aka samu titi a birnin da mutum zai bi da dare hannu rabbana, ba wanda zai tare shi.

A watan Yunin 1870 gobara ta share kimanin gine-gine 3,000 a Pera, har da gidan wasan kwaikwayo na Naum inda ake kawo mawaƙan Italiya. Sake ginin aka yi shi da dutse da bulo, shi ya sa benayen Istiklal suka yi kama da na Paris ko Viyana. A kan filin Naum wani Bagirke mai banki, Hristaki Zografos, ya gina a 1876 rufaffen layin shagunan da ake kira Cicek Pasaji yanzu. Shekara guda kafin nan, a Janairun 1875, an buɗe Tunel, jirgin ƙarƙashin ƙasa mai tsawon mita 573 wanda injiniyan Faransa Eugène Gavand ya tsara bayan ya ga dubban mutane suna wahalar hawan tudu kullum tsakanin bankunan Galata da gidajen Pera. London kaɗai ta riga shi. Har yau yana aiki, cikin ƙasa da minti biyu yake sada mutum da bakin Istiklal. Daga 1889 jirgin Orient Express ya fara isowa kai tsaye daga Paris, aka kuma gina otal ɗin Pera Palace a 1892 domin fasinjojinsa.

A wannan titi ana jin Faransanci da Girkanci da Armeniyanci da Sifaniyancin Yahudawa a rana guda. Matasan Turkawa 'yan boko sukan tsallako gada su koyi zama a gidan kek da kallon wasa, iyayensu a tsohon birni suna ganin wurin a matsayin ƙofar lalacewa. Wannan saɓani a kan Pera bai mutu ba har yanzu, sunan unguwar kawai ya koma Beyoglu.

Shekarun mamaya

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya fara yanke zaren. Ranar 24 ga Afrilun 1915 aka kame shugabanni da marubutan Armeniyawan birnin, mafarin kisan ƙare dangin da ya lashe al'ummarsu a Anatoliya. Daular ta faɗi a yaƙin, jiragen ruwan Ingila da Faransa da Italiya suka shigo a Nuwamban 1918, sojojinsu suka zauna har Oktoban 1923. A Nuwamban 1920 kuma jiragen ruwa 126 suka iso daga Kirimiya ɗauke da mutum kusan 150,000, ragowar rundunar Janar Wrangel da iyalansu, waɗanda 'yan gurguzu suka kora daga Rasha.

Mutanen da suka saba a yi musu hidima suka koma yi wa wasu. Tsoffin hafsoshi suka zama masu gadi da direbobi, matan manyan gidaje suka shiga sayar da furanni da kai abinci tebur, abin da birnin bai saba ganin mace na yi ba. Daga masu furannin nan, da 'yan kasuwar fure da suka biyo bayansu, layin Zografos ya samu sunansa na yanzu, domin cicek fure ne da Turkanci. Cikin waɗanda suka tsero daga Rasha akwai Frederick Bruce Thomas, baƙar fata ɗan jihar Misisifi ta Amurka, wanda iyayensa suka taɓa zama bayi. Ya yi arziki da gidajen rawa a Mosko, juyin juya hali ya raba shi da komai, ya iso Istanbul a 1919. A 1921 ya buɗe Maxim kusa da Taksim, inda manyan birnin suka saba da kiɗan jaz. Hukumomin Amurka suka ƙi amincewa da shi a matsayin ɗan ƙasa, bashi ya kai shi kurkuku, ya rasu a 1928 ba shi da ko anini.

Yadda aka kwashe titin

Jamhuriyar da Mustafa Kamal Ataturk ya kafa a 1923 ta mayar da babban birni Ankara, ofisoshin jakadanci suka bi ta, Babban Titin Pera ya zama Istiklal, wato 'yancin kai. An keɓe Girkawan Istanbul daga musayar jama'ar da aka yi tsakanin Girka da Turkiyya a shekarar, don haka sama da 100,000 suka ci gaba da zama. Sai aka riƙa rage su kashi-kashi. Wata doka ta 1932 ta keɓe sana'o'i da dama ga 'yan ƙasa, ciki har da kiɗa da aski da hidimar tebur, ta raba Rashawa da masu fasfon Girka da abincinsu. A Nuwamban 1942 aka ɗora harajin dukiya, aka yanka wa waɗanda ba Musulmi ba ninkin-ba-ninkin abin da aka yanka wa maƙwabtansu, aka ba su kwana 15. Wanda ya kasa aka yi gwanjon kayansa, sama da mutum 1,000 kuma aka tura su aikin ƙarfi a Askale, cikin sanyin gabashin ƙasar. Shaguna da benaye masu yawa a Beyoglu sun sauya hannu a wannan gwanjo.

Mafi muni ya zo daren 6 ga Satumban 1955, ana tsakiyar rikici a kan tsibirin Kubrus. Wata jarida ta baza labarin an kai harin bam gidan da aka haifi Ataturk a Salonika. Daga baya ta bayyana cewa wani mai alaƙa da hukumomin Turkiyya ne ya dasa bam ɗin, gidan kuma bai yi wata ɓarna ba. Gungun mutane, wasu an kwaso su a motoci daga wajen gari, suka afka wa dukiyar Girkawa, ta Armeniyawa da Yahudawa ma ba ta tsira ba, 'yan sanda suna kallo har sai da aka fito da soja da tsakar dare. Bayanan kotu sun ƙirga gidaje sama da 4,000, wuraren kasuwanci kimanin 1,000, da majami'u 73. Hotunan washegari sun nuna Istiklal a lulluɓe da yagaggun bandiran yadi da fasassun kaya, ba a ganin kwalta. Wannan dare na cikin tuhume-tuhumen da aka yi wa Firayim Minista Adnan Menderes bayan juyin mulkin 1960. A 1964, da rikicin Kubrus ya sake tashi, aka kori kimanin mutum 12,000 masu fasfon Girka, kowa da kaya kilo 20 da kuɗi dala 20, iyalansu suka bi su. Girkawan da suka rage a Istanbul yau 'yan dubbai ne ƙalilan.

Magada

Benayen ba su daɗe a wofi ba. A 1950 mutanen birnin kimanin miliyan ɗaya ne, yau sun haura miliyan 15, kusan duk ƙarin kuma 'yan ci-rani ne daga Anatoliya da zuriyarsu. Abincin da baƙo ke ɗauka na Istanbul ne tun fil azal, da yawansa da su ya zo. Tsiren niƙaƙƙen nama mai yaji na Adana ne, marar yajin na Urfa. Lahmacun, siririyar gurasa da aka shafe da nama, daga kudu maso gabas take, kuma tsoffin 'yan birni sun daɗe suna yi mata kallon abincin ƙauye. Shayin da ake miƙa wa kowa a ƙaramin kofin gilashi ya kori gahawa ne bayan an kafa gonakinsa a Rize, bakin Baƙin Teku, inda aka buɗe masana'anta ta farko a 1947.

Midye dolma ta fi kowane abinci ba da labarin. Wata ƙaramar halittar teku ce mai ɓawo biyu, ana cusa mata shinkafa da kayan ƙamshi, a matsa lemon tsami a ci a tsaye. Asalinta meze ce ta teburin Armeniyawa da Girkawa. Masu tallanta a tire da tsakar dare yanzu galibinsu 'yan Mardin ne, garin da ke kusa da iyakar Siriya, mai nisan ɗaruruwan kilomita daga kowane teku. Haka ma boza, wani kunu mai kauri da ɗan tsami da ake yi da gero, wanda ake talla da murya a daren hunturu: shahararren shagonsa a unguwar Vefa wani ɗan Albaniya daga Prizren ne ya buɗe shi a 1876.

Beyoglu kanta ta lalace a shekarun 1970, ta zama wurin da mai mutunci ke gudu. Gyaran da aka yi mata ya zo da nasa rushe-rushen. A ƙarshen shekarun 1980 magajin gari Bedrettin Dalan ya rushe ɗaruruwan tsoffin gine-gine ya fasa babban titin Tarlabasi, wanda ya yanke matalautan lunguna daga Istiklal. A 1990 aka hana motoci bin Istiklal, aka dawo da jan taragon lantarki da aka cire a 1961, wannan karon domin masu ɗaukar hoto. Kurdawan da yaƙi ya koro daga kudu maso gabas suka cika Tarlabasi, daga baya 'yan Afirka suka samu ɗakunan haya a cikinsu.

Tsohon ja-in-ja tsakanin hukuma da dare bai ƙare ba. A 2011 ƙaramar hukumar Beyoglu ta kwashe teburan da ke kan titi a Asmalimescit. A 2013 aka hana sayar da giya a kantuna daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, aka rushe tsohon silima na Emek domin gina rukunin shaguna, zanga-zangar Gezi kuma ta ɓarke a Taksim a kan yunƙurin sare bishiyoyin wani lambu. Hare-haren bam na 2016 da 2022 a kan Istiklal sun ƙara korar 'yan gari. Matasan birnin da dama sun mayar da hirarsu Kadikoy, a ɓangaren Asiya, tafiyar minti 20 a jirgin ruwa, suka bar wa baƙi titin da shagunan alewa da na canjin kuɗi.

Wanda ya rage da dare guda cikin ukunsa zai ƙaru in ya kai shi Kumkapi, a kudancin tsohon birni. A dandalin akwai gidajen cin kifi da makaɗa masu bin tebur-tebur. Lungu kaɗan a baya ga fadar shugaban cocin Armeniyawa, wadda take unguwar tun ƙarni na 17. Kewaye da ita kuwa shagunan aika kaya ne masu ɗauke da sunayen biranen Afirka a ƙofa, suna yi wa fataken Najeriya da Senegal da Kongo hidima, waɗanda ke sarin tufafi da takalma a Laleli, ga kuma ƙananan ɗakunan cin abinci a saman bene inda ake tuƙa tuwo irin na gida. Aksaray, wadda Alfatih ya cika da baƙi da umarni, allunan shagunanta da yawa sun koma Larabci da zuwan Siriyawa bayan 2011. Kumkapi da Laleli da Aksaray duk a gundumar Fatih suke, kuma a 2021 hukumar shige da fice ta Turkiyya ta dakatar da ba sababbin baƙi izinin zama a wannan gunduma.